Kafin Ka Ɗora Waƙa a Faifai

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi)

  Gaisuwa ta musamman ga mutanen ƙasar Makoda, na Koguna da Maitsidau da Wailare da Kadandani da Satame, har zuwa maƙwabtanmu na Dambatta.

Yau maganar faifan sidi za mu yi. Na san wani zai ce, faifai kuma a wannan zamani na memori da waya? Gaskiya ne kasuwarsa ta faɗi. Wanda ya san Ƙofar Wambai a shekarun da ake dakon faifan finafinan Hausa kwali-kwali zuwa Nijar da Kamaru da Gana, in ya shiga yau zai tarar da yawa daga cikin shagunan sun koma sayar da wasu kayan. Amma faifai bai bar gidajenmu ba. Ku je tashar Dambatta ranar Lahadi ku leƙa cikin motocin haya, Golf da Sharon, za ku ga wasu har yanzu da rediyon da suka zo da shi daga Turai, wanda faifai kaɗai yake ci. Akwai gidajen da na'urar DVD ke kan tebur an lulluɓe ta da ƙyalle. Akwai kuma dattijon da laluben waya ke ba shi wahala, amma in ka miƙa masa faifai ya san inda zai zura shi da maɓallin da zai danna.

Wani matashi ne daga yankin Maitsidau ya aiko mana da tambaya. Ya ce yana da kwamfutar tafi-da-gidanka, ya sauke wasu waƙoƙi daga intanet waɗanda aka ce ingancin sautinsu ya fi na sidi, an rubuta musu 24 da 96 a gefe, kuma kowace ɗaya ta cinye masa data mai yawa. Yana so ya ɗora wa mahaifinsa su a faifai don ya riƙa ji a mota. Tambayarsa biyu ce: shin ingancin nan zai bi waƙar ya shiga faifai? Kuma me ya sa faifan da ya fara bugawa ya yi a kwamfuta amma motar ta tofo shi?

To, ɗan'uwa, ka gyara zama. Sai mun fara sanin abin da lambobin nan ke nufi.

Sauti girgizar iska ne. In an daki kalangu, fatar ta girgiza, iska ta ɗauka ta kawo kunnenka. Ita kuwa kwamfuta ba ta ajiye girgiza, lamba kawai ta sani. Saboda haka sai ta riƙa auna sautin a jere cikin tsananin sauri, tana rubuta kowane awo. A faifan sidi ana yin awon nan sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kuma kowane awo ana ajiye shi a kan ɗaya daga cikin matakai 65,536. Wannan shi ake kira bit 16. Kamfanin Philips na ƙasar Holan da Sony na Japan ne suka zauna suka tsayar da wannan ƙa'ida a 1980, na'urar farko kuma ta shiga kasuwa a Japan a watan Oktoba na 1982. Tun daga ranar ba a taɓa ƙa'idar ba. Rediyon da ke cikin motar mahaifinka ita ya sani, bai san wata ba.

Ba kuma da ka aka zaɓi 44,100 ɗin ba. Kunnen yaro mai lafiya yana jin sauti daga girgiza 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa. Masana lissafi sun tabbatar cewa in kana son kama sauti cif, sai ka auna shi fiye da ninki biyu na saurin girgizarsa. Awo 44,100 yana kama har girgiza 22,050, wato ya ɗan zarce iyakar kunnen ɗan'adam. Kunnen yaro fa na ce. Mu da muka haura arba'in, balle wanda ya shekara goma a bakin injin niƙa ko kusa da janareta, mun daɗe da sallama saman wannan iyaka. Kai, wannan muryar tawa da kuke ji ma, in a zangon FM kuka kama mu, an datse ta a wajen 15,000. In a gajeren zango ne, kamar yadda iyayenmu suka saba kama labarai da asuba, ba ta kai ko rabin haka ba. Kuma ba wanda ya taɓa kukan bai gane Shata a rediyo ba.

Shi kuwa fayil ɗin da ka sauke, 96 ɗin nan na nufin an auna sautin sau 96,000 a daƙiƙa, wani ma har 192,000. Shi kuma 24 ɗin, bit 24 ne, matakansa sun haura miliyan 16. Shi ya sa ya yi nauyi. Minti ɗaya na sautin sidi yakan ci wajen MB 10. Minti ɗaya na mai 24 da 96 yakan ci kusan MB 35, na 192 kuwa ninkin haka. MP3 ɗin da muka saba turawa juna a waya, mai lamba 128, minti ɗaya MB 1 ne kacal. Yawanci manyan fayilolin nan suna zuwa ne a sigar da ake kira FLAC, wadda ta fito a 2001. Ita tana matse fayil ya ragu zuwa wajen rabi ba tare da an zubar da komai ba, in an buɗe ya dawo yadda yake. Shagunan intanet irin su Qobuz na Faransa da HDtracks na Amurka da Bandcamp su ne ke sayar da irinsu.

Amsar tambayarka ta farko ke nan: a'a. Faifan sidi na sauti ba ya ɗaukar 24 da 96. Dole a sauko da waƙar zuwa 16 da 44,100 kafin ta shiga. In manhajarka ba ta tambaye ka ba, to ta yi saukarwar ne a ɓoye.

Amma kada ranka ya ɓaci, don asarar ba ta kai yadda masu talla ke kururutawa ba. A 2007 wasu masana biyu a birnin Boston na Amurka, Meyer da Moran, sun tara masu saurare, ciki har da ƙwararrun masu aikin situdiyo. Suka riƙa kunna musu waƙa mai babban inganci, wani lokaci kai tsaye, wani lokaci bayan an sauko da ita zuwa ma'aunin sidi, ba tare da sun san wacce ce wacce ba. An yi gwajin sama da sau 500, kuma rabi kawai aka dace, daidai da abin da mai canki-canki zai samu. A 2016 wani malamin jami'ar Queen Mary ta Landan, Joshua Reiss, ya haɗa gwaje-gwaje da dama ya sake lissafi, ya ce akwai ɗan bambanci da ake iya ji, amma dacewar ta tsaya ne a kashi 52 da ɗoriya cikin ɗari. Wannan fa a ɗaki ne mai shiru, da lasifikoki masu tsadar gaske. Yanzu ka kawo shi cikin Sharon a kan hanyar Kano zuwa Kazaure, gilashi a sauke, inji na ruri, fasinja na musu a kan farashin taki. Ni dai a nawa ganin, wanda ya ce ya ji bambancin a nan, zuciyarsa ce ta ji, ba kunnensa ba.

To me ya sa masu situdiyo ke aiki da bit 24? Saboda su gyara suke yi. Za su ɗaga murya, su sauke kiɗa, su haɗa amshi, su sake juyawa sau da yawa, kuma kowane gyara yana son sarari don kada ƙananan kurakuran lissafi su taru su zama ƙara. In an gama aiki an rufe, mai saurare ba shi da buƙatar wannan sararin.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Jama'a, in yanzu kuka kamo mu, muna magana ne a kan ɗora waƙa a faifan sidi a gida. Yanzu kuma mun iso inda ni nake ganin matsalarmu take, don a ƙasarmu ba saukowa daga 96 zuwa 44 ke kashe waƙa ba. Abin da ke kashe ta yana faruwa tun kafin ta zo hannunka.

Wani masanin halayyar jama'a, Brian Larkin, ya zauna a Kano a shekarun 1990 yana nazarin sinima da kasuwar kaset, ya kuma fitar da littafi a kai a 2008. Cikin abin da ya lura da shi akwai yadda ake kwafar kaset daga kaset, a kwafi na uku daga na biyu, har hoto ya dushe, sauti ya shaƙe, mu kuma muka saba da haka har muka ɗauka haka abin yake. Duk wanda ya sayi kaset ɗin Ɗanƙwairo a kasuwar ƙauye ya san wannan shuuu ɗin da ke bin bayan kotso kamar ana yayyafi a kan kwano.

Zamanin kwamfuta ya zo da sauƙi ɗaya: kwafa ita kanta ba ta rage komai. In mai turi ya tura maka fayil daga kwamfutarsa zuwa memorinka, ko abokinka ya turo maka ta Xender, abin da ke can shi ne ya zo nan, ko sau dubu aka yi. Inda ake asara shi ne wurin matsewa. MP3, wanda cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta jagoranci ƙirƙirarsa aka kuma raɗa masa wannan suna a 1995, dabararsa ita ce ya zubar da sassan sautin da yake ganin kunne ba zai lura da su ba. Mai lamba 128 yakan zubar da kusan kashi tara cikin goma na nauyin fayil. Matsa ɗaya ba laifi, da wuya ka gane. To amma bi hanyar da waƙa ke bi kafin ta iso Koguna. Mawaƙi ya fitar da ita a MP3, matsa ɗaya. Wani ya haɗa ta da hoto ya ɗora a YouTube, matsa biyu. Wani ya ciro ta daga can ya mayar MP3, uku. Mai shafin intanet ya liƙa muryar tallan shafinsa a farkonta ya sake fitarwa, huɗu. Wani kuma ya ƙara matse ta don ta shiga ƙaramin memori. Kafin nan muryar zabiya ta koma kamar daga cikin gwangwani take fita, kuge da shantu sun zama wani tsiyaya-tsiyaya.

Sai kuma wani mai wayo ya ɗauki wannan gajiyayyen fayil ya juya shi zuwa FLAC, ya rubuta masa 24 da 96, ya ɗora a intanet. Fayil ya kumbura ya kai MB 150, kai kuma ka ƙona datarka ka sauke kana murna. Nonon da aka tsinka da ruwa, ko an juye shi a sabuwar ƙwarya mai faɗi, ba ya komawa kindirmo. Abin da MP3 ya zubar ya tafi ke nan, babu manhajar da za ta dawo da shi.

Akwai hanyar kama irin wannan. Wata 'yar ƙaramar manhaja ce ta kyauta mai suna Spek. In ka jefa mata waƙa, sai ta zana maka hoton sautin, ƙasa masu kauri, sama masu siriri. In asalin waƙar daga situdiyo take, launin zai hau har wajen 20,000 ko fiye, yana dusashewa a hankali. In kuwa tsohon MP3 ne aka yi wa kwalliya, za ka ga an yanke launin ƙat a miƙe, galibi a wajen 16,000, sama da nan baƙi ƙirin. Ɗan'uwa na Maitsidau, ka fara gwada naka da wannan kafin ka sayi ko faifai ɗaya.

Sai a kula da wani abu game da tsofaffin mawaƙanmu. Narambaɗa ya rasu a 1963, Ɗanƙwairo a 1991, Alhaji Mamman Shata a 1999. Abin da muka gada daga gare su an ɗauke shi ne a faifan garmaho, ko a zaren gidajen rediyo irin su na Kaduna da Kano, ko kuma a kaset a filin biki, makirufo ɗaya a tsakiyar taro. Kaset ko sabo ne bai kai sidi faɗin sauti ba. Don haka duk wanda ya ce maka yana da Shata mai ingancin da ya zarce na sidi, tambaye shi daga wane zare ya ɗauko. Wannan ba ya nufin manyan lambobin ba su da amfani a nan. Ƙungiyar masu adana sauti ta duniya, IASA, shawararta ita ce in za a juye tsohon zare ko kaset zuwa kwamfuta, a ɗauke shi da bit 24 da awo 96,000, ko aƙalla 48,000, don zaren yana ruɓewa, wataƙila ba za a sake samun damar kunna shi ba. Wanda ke da buhun kaset na mahaifinsa, na waƙa ko na tafsirin Malam Abubakar Gumi ko Malam Nasiru Kabara ko Malam Ja'afar, a wurin juyewa ya kamata ya yi wannan ƙoƙarin. Fayil ɗin da aka juye shi ne uwa, a ajiye ta. Faifan mota ɗa ne, in ya lalace a sake haifo wani.

Ga kuma wata shawara ga masu zuwa titin gidan Zoo a Kano a yi musu waƙar biki ko ta suna a situdiyo. Kuɗinka ka biya. In an gama kada ka tsaya a kan wanda aka turo maka a waya, ka tafi da filash ka ce a zuba maka fayil ɗin WAV, wato wanda ba a matse ba. Yana nan a kwamfutarsu, yawanci don ba a tambaya ne ba sa bayarwa. Shi ne mafi ingancin sautin da akasarinmu za mu taɓa mallaka, kuma shi ya fi cancanta da faifai.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Yanzu bari mu zauna gaban kwamfuta. A ce yamma ta yi, an dawo daga gona, ka shimfiɗa tabarma a zaure, Baba na gefe a kujerarsa yana jira.

Abu na farko, duba batir. In kwamfutar tebur ce kuma aka ɗauke wuta ana tsakiyar bugu, faifan ya tashi aiki, sai dai yara su yi wasa da shi. Ta tafi-da-gidanka mai cikakken caji ta fi kwanciyar hankali. Sababbin kwamfutoci da yawa ba sa zuwa da gidan faifai, sai ka nemi na waje wanda ake jonawa da igiya. Faifan kuma ka sayi wanda aka rubuta wa CD-R. Mai CD-RW, wanda ake gogewa a sake, tsofaffin rediyoyin mota da yawa ba sa ganinsa.

Na biyu, saukar da waƙar da hannunka, kada ka bar wa manhajar bugu. Audacity da foobar2000 duk kyauta ne, kuma duk suna yi. Ka buɗe fayil, ka sa awo a 44,100, bit a 16, ka fitar da shi a WAV. A nan za ka ci karo da wani zaɓi da aka rubuta wa dither, ka kunna shi. Abin da yake yi zai ba ka mamaki: wata 'yar ƙara ce siririya ƙwarai yake zubawa a cikin waƙar da gangan. Dalili shi ne in an rage matakai daga miliyan 16 zuwa 65,536, wuraren da sauti ya yi ƙasa sosai, kamar inda amon garaya ke mutuwa a ƙarshen waƙa, sukan fito da ɗan kaushi. Wannan 'yar ƙarar ita ke shafe kaushin, ita kanta kuma ba ka jin ta. Sau ɗaya ake sa ta, a matakin ƙarshe. In kuma waƙar irin ta zamani ce da aka cika wa ƙarfi har wuya, ka ɗan sassauta ta kaɗan kafin ka fitar, don kada ta riƙa fashewa. Sabon fayil ɗin ka ba shi wani suna daban. Kada ka kuskura ka danne uwar da shi.

Na uku shi ne amsar tambayarka ta biyu, dalilin da mota ta tofo faifanka. In ka buɗe manhajar bugu, ko Nero ce, ko CDBurnerXP, ko Windows Media Player da ke zuwa da kwamfuta, za ta ba ka zaɓi biyu: Audio CD da Data CD. Kai na biyun ka danna. Shi faifan data ma'ajiya ce kawai, fayilolin ya kwashe yadda suke ya zuba, kwamfuta ta iya karanta su, tsohon rediyon mota kuwa bai taɓa jin labarin FLAC ba. Na farkon za ka zaɓa. Kuma a faifan sauti ba nauyi ake dubawa ba, lokaci ake dubawa. A jikin kwalin an rubuta MB 700 da minti 80, to minti 80 ɗin ne naka, ko waƙoƙin manya ne ko ƙanana, kuma ba ya wuce waƙa 99. Waƙar Shata ɗaya ta filin biki tana iya cinye rubu'in faifai, sai ka yi lissafi tun da wuri.

Nan ne Baba zai leƙo ya ce, "Kai yaro, ɗan gidan Liman ya sa wa ubansa waƙa ɗari da hamsin a faifai ɗaya, kai kana ce mini goma sha biyu?" Sai ka ce, "Baba, nasa MP3 ne ya zuba a faifan data, rediyon motarsu sabo ne yana karantawa. Naka ba ya yi, amma in aka kunna su tare za ka ji naka ya fi cika kunne." Kuma kada a raina dabarar ɗan gidan Liman, tana da wurinta. Saukar Alƙur'ani ta mai karatu a tsanake takan kai wajen awa 30. A faifan sauti sai ka tanadi sama da 20, a MP3 kuwa faifai uku ko DVD ɗaya sun ɗauke. Ga karatu da wa'azi, inda murya ɗaya ce, MP3 mai kyau ya wadatar, in dai na'urar tana ɗauke da tambarinsa a goshi.

Manhajar takan sa shirun daƙiƙa biyu tsakanin waƙa da waƙa. In doguwar waƙa ce ko karatu ka yanka gida-gida, ka cire shirun, in ba haka ba za a riƙa jin numfashin mai karatu na tsinkewa. Gudun bugu kuma kada ka bar shi a ƙololuwa don ka ga an rubuta 52 a kwali. Sa shi a 8 ko 16, ka ƙara haƙurin 'yan mintuna, tsofaffin na'urori sun fi karanta wanda aka buga a natse. Ka tabbata an zaɓi a rufe faifan in an gama, don wanda aka bari a buɗe kwamfuta ce kaɗai ke karanta shi. Sannan ka danna, ka janye hannunka. Kada ka buɗe fim, kada a jijjiga tabarma.

In ya fito, juya shi ka karkata wajen haske. Za ka ga launi biyu a cikinsa: wani zobe mai ɗan duhu ya taso daga tsakiya ya nufo baki, ragowar kuma ta fi haske. Mai duhun nan shi ne inda aka yi rubutu, don sidi daga ciki yake farawa ya fito waje, akasin faifan garmaho. A cikin CD-R akwai wani siririn rini, hasken leza ne ke bi yana ƙona shi ɗigo-ɗigo. Faifan kamfani ba haka ake yin sa ba, shi tambari ake danna masa a jikin roba, shi ya sa ya fi jure wahala.

Kuma wannan rinin shi ne raunin faifan gida a ƙasa irin tamu. Abin da haske da zafi suka rubuta, haske da zafi na iya gogewa. Faifan da aka bari a gaban gilashin mota a ranar watan Afrilu, an ajiye motar a bakin kasuwa tun hantsi har la'asar, kada a yi mamaki in ya fara tsalle ko ya lanƙwashe. A ajiye shi a gidansa, a tsaye, a inuwa. Mutane kuma sukan lallaɓa cikin faifai su yi sakaci da bayansa, alhali bayan ne ya fi rauni: rubutun yana dab da shi, ɗan siririn fenti ne kawai ya rufe. Karcewar ciki wani lokaci a goge ta faifai ya tashi, ta baya kuwa ta kwashe rubutun ke nan. Saboda haka ban da biro, ban da liƙa takarda. Maka mai laushin baki za ka sa ka rubuta suna. In ƙurar hunturu ta hau shi, ka sa ƙyalle mai taushi ka share daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba. Sau da yawa ma a lokacin hunturu ba faifan ne da laifi ba, idon na'urar ne ya yi ƙura.

Wanda kuma ya dage sai ya ji 24 da 96 ɗinsa cikakke, to ya bar sidi. An taɓa fito da faifai na musamman don haka, SACD a 1999 da DVD-Audio a 2000, amma ko a Turai ba su yi kasuwa ba, balle a same su a Dambatta. Ya zuba fayilolinsa a filash ko a DVD na data mai ɗaukar GB 4.7, ya ji su ta kwamfuta ko waya. Ko ba don ji ba ma, ina ba kowa shawarar ya yi hakan don ajiya: uwa ɗaya a kwamfuta, ɗaya a wani wurin daban, don kwamfuta na mutuwa, waya na ɓata.

Saura magana ɗaya, kuma ba zan tsallake ta ba. Waƙar da ka sauke a cikin manhajoji irin su Boomplay da Audiomack da Spotify yawanci a kulle take a cikinsu, ba ta fita balle ta hau faifai, kuma da gangan aka yi haka. Waƙa tana da mai ita. Najeriya na da dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, kuma ta hana kwafar aikin wani a sayar ba da izininsa ba. Ko babu doka, mun ga abin da satar fasaha ta yi wa masana'antar finafinai da waƙoƙin Hausa: mutum ya ci bashi ya yi aiki, kafin faifansa ya kwana biyu a kasuwa na jabu ya riga shi isa ƙauye a rabin kuɗi. Ka sayi waƙa ka ɗora wa mahaifinka ya ji a motarsa, wannan daban. Ka buga hamsin ka baza a faranti ranar kasuwa, wannan cin gumin wani ne, ko Aminu Ala ne, ko Nura M. Inuwa, ko wani yaron da bai yi suna ba tukuna wanda ya sayar da akuyarsa ya biya kuɗin situdiyo.

Lokaci ya cim mana. Ɗan'uwa na Maitsidau, a gaida Baba, in faifan ya tashi a mota a sanar da mu. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗauko buhun kaset ɗin nan da muka ambata, mu ga irin igiyar da ake jona rikoda da kwamfuta, da abin da ake yi wa zaren da ya tsinke ko ya naɗe. Wanda ke da rikoda mai aiki ya fara kakkaɓe ta tun yanzu. A madadin wanda ya haɗa mana sauti, nake cewa mu kwana lafiya. Assalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)